Me Matuƙan Jiragen Yaƙi Ke Gani a Sama, Kuma Me Ya Hana Binciken Ƙarewa?

A cikin kwana tara kacal na watan Fabrairun 2023, jiragen yaƙin Amurka sun kakkaɓo abubuwa huɗu daga sama. Na farkon kowa ya san shi: makeken balan-balan ne na ƙasar Sin, wanda ya ratso ta Alaska da Kanada, ya bi ta saman jihar Montana inda Amurka ke da ramukan makaman nukiliyarta, har jirgin F-22 ya harbo shi a gaɓar tekun jihar South Carolina ranar 4 ga wata. Sin ta ce na auna yanayi ne iska ta ja shi, Amurka ta ce na leƙen asiri ne. Sauran ukun kuwa, da aka harbo a ranakun 10 da 11 da 12 ga wata a Alaska da yankin Yukon na Kanada da saman tafkin Huron, babu mai iya cewa ga abin da suke a lokacin da aka sakar musu wuta. An nemi tarkacensu na 'yan kwanaki, ba a samu ba, aka haƙura. Daga baya Shugaba Joe Biden ya fito ya ce ga dukkan alamu balan-balan ne na kamfanoni, ko na masu bincike, ko na masu yi don nishaɗi. Wata ƙungiyar masu wasa da ƙananan balan-balan a jihar Illinois ma ta ce nata guda ya yi ɓatan dabo a wajen Alaska a daidai waɗannan ranaku, irin wanda kuɗinsa bai kai dala 200 ba. Kowane makami mai linzami da aka harba kuwa kimanin dala 400,000 ne, kuma na farkon da aka harba a tafkin Huron ma bai samu abin ba.

Me ya cika sama da baƙi haka a mako guda? Babu abin da ya ƙaru a saman. Na'urar rada, wadda ke aika sigina ta dawo da labarin duk abin da ta ci karo da shi, tana ganin abubuwa fiye da yadda mutum zai iya bi: tsuntsaye, gizagizai, ƙura. Shi ya sa akan saita kwamfutarta ta watsar da duk wani ƙaramin abu mai tafiyar hawainiya, ta bar masu gudu irin na jirgi da makami. Bayan kunyar da balan-balan ɗin Sin ya ba su, rundunar NORAD mai tsaron sararin samaniyar Amurka da Kanada ta sassauta wannan tacewa, sai ga abubuwa birjik. Kwamandanta na lokacin, Janar Glen VanHerck, ya amsa da bakinsa cewa irin waɗannan balan-balan na Sin sun taɓa wucewa a shekarun baya ba tare da an gan su ba.

Duk mai son gane dalilin da ya sa sojoji ke kashe kuɗi da lokaci a kan rahoton matuƙin da ya ce ya ga abin da bai san ko mene ne ba, daga nan ya kamata ya fara. Jama'a da sun ji maganar sai hankalinsu ya tafi ga halittun wata duniya, a wajenmu ma wani zai ce ai aljanu ne, a wuce wurin. Tambayar soja ta fi haka kusa da ƙasa: wa ya shigo mini sarari ban sani ba, na wane ne, kuma zai iya yi mini lahani? Sama da shekara 75 ke nan ana wannan bincike, kuma abubuwa biyu ne suka yi ta ɗaure masa ƙafa tun daga farko. Sojojin da ke binciken su ne dai masu sirrin ɓoyewa. Matuƙin da ya ga abu kuma yana tsoron ya faɗa a mai da shi abin dariya.

Ranar 24 ga Yunin 1947 wani ɗan kasuwa mai tuƙa ƙaramin jirginsa, Kenneth Arnold, ya ce ya ga abubuwa tara masu ƙyalli suna tafiya a jere kusa da dutsen Rainier a jihar Washington, da gudun da ya ƙiyasta ya wuce mil 1,200 a awa. A lokacin babu jirgin da ya taɓa kai gudun sauti, sai a watan Oktoban shekarar aka yi hakan. 'Yan jarida suka laƙaba wa abin suna faranti mai tashi, rahotanni suka ɓarke ko'ina. Shekara biyu ke nan da gama yaƙin duniya na biyu, Amurka da Tarayyar Sobiyat sun raba injiniyoyin Jamus a tsakaninsu, kowace na fargabar abin da ɗayar ke ƙerawa. Da wannan fargabar rundunar sojin sama ta buɗe shirin bincike na farko mai suna Sign a farkon 1948, aka bi shi da Grudge, sannan Blue Book a 1952, duka a sansanin Wright-Patterson da ke jihar Ohio.

Tun a makonnin farko abin ya ci rai. Ranar 7 ga Janairun 1948 ma'aikatan hasumiyar wani filin jirgin soja a jihar Kentucky suka hango wani farin abu a sama, suka roƙi wasu jiragen Mustang da ke wucewa su je su duba. Jagoransu, Kyaftin Thomas Mantell, ɗan shekara 25 wanda ya yi yaƙin duniya, ya ci gaba da hawa har ya wuce ƙafa 20,000 alhali ba shi da iskar shaƙa a jirgin. Ya suma, jirgin ya rikito da shi, ya mutu. Bayanin farko da rundunar ta bayar shi ne wai tauraruwar Zara ya bi, da rana tsaka. Mutane kaɗan ne suka yarda. Sai bayan 'yan shekaru Kyaftin Edward Ruppelt, shugaban Blue Book na farko, ya sake duba fayil ɗin ya ce mai yiwuwa balan-balan ne na Skyhook, wani shirin sirri na rundunar sojin ruwa wanda Mantell da mutanen hasumiyar ba su taɓa jin labarinsa ba. Wato wani ɓangare na soja ya ɓoye wa wani ɓangaren, matuƙi ya mutu yana bin kayan gidansu, aka kuma ba jama'a bayanin da bai shiga hankali ba. Wannan salon ya maimaitu sau da yawa daga baya.

A watan Yulin 1952, a ƙarshen mako biyu a jere, na'urorin rada na filayen jirgin birnin Washington suka nuna abubuwa suna shawagi a saman fadar White House da ginin majalisa. Aka tayar da jiragen yaƙi. Janar John Samford ya kira taron manema labarai ya ce juyin zafin iska ne ya lanƙwasa siginar rada ta riƙa nuno abubuwan da ke ƙasa kamar a sama suke. A shekarar kaɗai rahotanni sun haura 1,500, kuma wannan ambaliya ce ta tayar wa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, hankali. Kwamitin masana da ta tara a Janairun 1953 ƙarƙashin H. P. Robertson ya ce abubuwan ba su da wani haɗari, haɗarin yana ga rahotannin kansu: idan layukan sadarwar tsaro suka cushe da kiran masu ganin faranti, Sobiyat za ta iya kawo hari na gaske a cikin ruɗanin. Shawarar kwamitin ita ce a yi amfani da kafafen yaɗa labarai a rage wa maganar kwarjini a idon jama'a. Daga nan Blue Book, wanda dama 'yan tsirarun ma'aikata ne, ya koma kusan ofishin kwantar da hankali.

Sai kuma ga jirgin leƙen asiri na U-2 daga 1955. Yana tashi sama da ƙafa 60,000 a lokacin da jiragen fasinja ke yawo tsakanin ƙafa 10,000 da 20,000. Da magariba, lokacin da rana ta riga ta faɗi ga matuƙin jirgin fasinja, tana nan tana haska fukafukan U-2 masu launin azurfa can sama, sai ya ga wani abu kamar wuta a inda ya tabbata babu jirgin da ke zuwa. Idan ya kai rahoto, jami'an Blue Book su tuntuɓi masu jadawalin U-2, su gane abin da ya gani, sannan su ce masa ƙanƙarar gajimare ce ko wani abu makamancin haka. Masanin tarihin CIA Gerald Haines ne ya rubuta haka a 1997, har ya ce sama da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1960 jiragen leƙen asiri ne. Akwai masu ganin ya zuzuta adadin, amma ko kashi ɗaya cikin goma ne, ma'anarsa ita ce matuƙan sun ga abu na gaske, hukuma kuma ta san gaskiyar ta faɗa musu wata.

A 1966 masanin taurarin da ke ba Blue Book shawara, J. Allen Hynek, ya ce wasu fitilu da aka gani a jihar Michigan iskar fadama ce ke ci da wuta. Aka yi masa ca, har ɗan majalisa Gerald Ford, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya nemi a yi zaman sauraron bahasi. Rundunar ta miƙa maganar ga Jami'ar Colorado ƙarƙashin Edward Condon, shi kuma ya ce ci gaba da binciken ba zai ƙara wa kimiyya komai ba. A Disambar 1969 aka rufe Blue Book da rahotanni 12,618, daga ciki 701 ba a gano su ba. Hynek, wanda ya shiga aikin yana mai shakka, ya fita yana zargin rundunar da yin binciken jeka-na-yi-ka.

Abin da ya biyo baya shi ne shiru na kusan shekara hamsin, kuma shirun yana da dalili. Aikin matuƙi ya rataya ne a kan takardar likita da ke cewa idonsa da hankalinsa lafiya lau. Wa zai so a rubuta a fayil ɗinsa cewa yana gane-gane? A Nuwamban 1986 Kyaftin Kenju Terauchi na kamfanin Japan Airlines, tsohon matuƙin jirgin yaƙi, ya ce wasu fitilu da wani ƙaton abu sun bi jirginsa na ɗaukar kaya a saman Alaska. Hukumar kula da sufurin jiragen saman Amurka ta bincika ta ce bayanan rada ba su tabbatar da maganarsa ba. Bayan ya yi hira da 'yan jarida, kamfanin ya sauke shi daga tuƙi ya ba shi aikin ofis na wani lokaci. Sauran matuƙa sun ga abin da ya same shi, kowa ya kama bakinsa.

Wasu ƙasashen sun bi tasu hanyar. Birtaniya ta rufe teburin da ke karɓar irin waɗannan rahotanni a ma'aikatar tsaronta a 2009, tana mai cewa a sama da shekara hamsin ba ta ga barazana ko ɗaya ba. Beljiyam ta tayar da jiragen F-16 biyu a daren 30 ga Maris na 1990, radar jiragen ta yi ta kama wani abu na 'yan daƙiƙoƙi tana saki, amma matuƙan ba su ga komai da ido ba, kuma shahararren hoton abu mai kusurwa uku da aka yi shekara ashirin ana yaɗawa, wanda ya ɗauke shi ya fito a 2011 ya ce shi ya haɗa shi da hannunsa. A Chile wani kwamitin gwamnati ya shafe shekara biyu yana nazarin bidiyon da helikwaftan sojin ruwa ya ɗauka a 2014, ya ce ya kasa gano abin. Da aka saki bidiyon a 2017, cikin 'yan kwanaki masu bincike a intanet suka nuna jirgin fasinjan Iberia ne da ya tashi daga Santiago. Faransa ce ta fi yin abin a tsanake. Tun 1977 take da ofishi ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniyarta a Toulouse, wanda yanzu ake kira GEIPAN, ta kuma zuba fayilolinta a intanet tun 2007. Abin da ya fi amfani a tsarinta shi ne ta raba rahoton da aka kasa ganowa saboda ƙarancin bayanai da wanda aka kasa ganowa duk da cewa bayanan sun wadata. Na biyun kimanin kashi 3 ne cikin ɗari kawai.

Labarin da ya dawo da maganar teburin Amurka ya faru ne ranar 14 ga Nuwamban 2004, a tekun da ke kudu maso yammacin San Diego a Kalifoniya, inda babban jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi, Nimitz, ke atisaye da 'yan rakiyarsa. Kusan mako biyu ke nan masu kula da rada a ɗaya daga cikin jiragen rakiyar, Princeton, suna ganin wasu abubuwa na bayyana a wajen ƙafa 80,000, su sauko zuwa 20,000, su tsaya. A cewarsu da farko sun zaci na'urar ce ta samu matsala, suka sake saita ta, abubuwan suka ƙara fitowa sarai. A ranar aka juya akalar jiragen F/A-18 guda biyu zuwa wurin. Kwamanda David Fravor, shugaban rundunar matuƙan, shi ke tuƙa ɗaya, Laftanar Alex Dietrich na tuƙa ɗayan, kowannensu da jami'in makamai a kujerar baya. Sararin sama tas, teku a kwance. Sun ce sun ga ruwa na kumfa a wuri guda, a samansa kuma wani farin abu dogo mai tsawon kimanin ƙafa 40, mai siffar alawar Tic Tac, ba fiffike, ba farfela, ba hayaƙi, yana zirga-zirga ba tsari. Fravor ya fara saukowa yana zagaye, abin ya fara hawowa yana kwaikwayonsa. Da ya yanko don ya tare shi, sai abin ya ɓace masa. Ba a yi minti guda ba Princeton ta kira ta ce ta ga wani abu a wurin da aka tsara jiragen za su haɗu, mil 60 daga nan. Wani jami'in da ya tashi a wani jirgin daga baya, Chad Underwood, ya ɗauko bidiyon wani abu da kyamarar jirginsa mai gani da zafi.

Me soja ya yi da wannan labari a lokacin? Kusan babu. Fravor ya shaida wa majalisa a 2023 cewa ba a bincika ba, ba a kuma yi wa mutanensa tambayoyi ba. Abin da suka samu a jirgin ruwan shi ne zolayar abokan aiki. Wannan, a ganina, shi ne babban abin kunya a cikin labarin gaba ɗaya, ya fi tambayar ko mene ne abin. Ana atisayen tafiya yaƙi, wani abu ya shigo tsakiyar filin, mutum huɗu sun gan shi ido da ido, aka kwana aka tashi kamar ba a yi ba. Bayanan rada na ranar ba su taɓa fitowa fili ba. Abin da ya rage shi ne shaidar baki da ɗan gajeren bidiyo mai dishi-dishi.

Shekara goma bayan haka matuƙan da ke atisaye a gaɓar tekun gabashin Amurka, cikinsu har da Laftanar Ryan Graves, suka fara ganin abubuwa kusan kullum, kuma hakan ya fara ne bayan an sa wa jiragensu sabuwar rada mai ƙarfi. Wani abokin aikinsu ya ce saura ƙiris ya yi karo da wani abu mai kama da akwati a cikin ƙwallo mai haske. Daga wannan lokaci ne bidiyoyi biyu da ake kira Gimbal da GoFast suka fito, duka a farkon 2015.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a sama ganin ma sai an bi shi da lissafi. Ido ba ya iya auna girman abu ko nisansa idan babu wani abu sananne a kusa da za a gwada da shi. Ƙaramin abu na kusa da ƙaton abu na nesa iri ɗaya suke, kuma wanda ya kuskure nisa dole ya kuskure gudu. Bidiyon GoFast ya nuna haka ƙarara. Mai kallo zai rantse abin yana sheƙa gudu dab da saman ruwa. Amma lambobin da ke gefen hoton, na tsayin jirgin da kusurwar kyamara da nisan abin, sun isa a yi lissafi, kuma lissafin ya nuna abin yana wajen ƙafa 13,000 ne a sama. Kwamitin hukumar NASA ya ƙiyasta gudunsa a kimanin mil 40 a awa, irin gudun abin da iska ke kaɗawa. Wanda ke cikin mota mai gudu, in ya kafa ido a kan wata bishiya da ke can tsakiyar gona, zai ga duwatsun da ke bayanta suna gudu, alhali motar ce ke tafiya. Jirgin ne ke gudu, kyamarar ta maƙale wa abin, tekun da ke baya ya yi ta zamewa. A bidiyon Gimbal kuma, masu nazari irin su Mick West sun nuna cewa juyawar da abin ke yi ta dace da lokacin da kan kyamarar kansa ke juyawa, wato ƙyallin zafi ne ke juyawa a cikin gilashin. Wannan bai faɗi ko mene ne abin ba, amma ya rage masa abin mamaki. Labarin Fravor ne dai wannan lissafi bai kai gare shi ba, domin babu lambobin da za a yi lissafin da su.

Jama'a sun fara jin wannan labari ne ranar 16 ga Disambar 2017, da jaridar New York Times ta fallasa cewa ma'aikatar tsaro ta Pentagon ta kashe dala miliyan 22 a wani shirin ɓoye na binciken irin waɗannan abubuwa. Sanata Harry Reid ne ya samo kuɗin, kuma mafi yawansa ya tafi ga kamfanin abokinsa Robert Bigelow, attajirin jihar Nevada wanda dama ya daɗe da imani da baƙin wata duniya. Wannan ɓangaren ba ya ƙamshi, kuma yana da kyau a riƙa tunawa da shi. Duk da haka fallasar ta yi aiki. A 2019 rundunar sojin ruwa ta fitar da sabuwar ƙa'idar kai rahoto, a Afrilun 2020 Pentagon ta saki bidiyoyin uku a hukumance, a Yunin 2021 kuma ofishin daraktan leƙen asirin ƙasa ya miƙa wa majalisa rahoto a kan lamura 144. Ɗaya tak aka gano, wani balan-balan ne da iskarsa ke fita. Guda 80 na'ura fiye da ɗaya ta kama su, 18 sun nuna motsin da ba a saba gani ba, sau 11 kuma matuƙa sun ce sun kusa yin karo. Wannan adadi na ƙarshe ya isa dalilin bincike ko da kuwa duk tarkacen leda ne, domin ledar da ta shiga injin jirgi na iya kashe mutum.

A Yulin 2022 aka kafa ofishi na dindindin a Pentagon don binciken irin waɗannan rahotanni, mai suna AARO, ƙarƙashin masanin kimiyyar lissafi da leƙen asiri Sean Kirkpatrick. Aikinsa ba shi da wani armashi. Rahoto ya zo, a nemi ainihin lokaci da wuri da inda matuƙin ke fuskanta, a duba jadawalin jiragen da ke yankin, a duba inda iska ke kaɗawa a wannan tsayin, a lissafa inda taurarin ɗan adam suke a wannan daƙiƙar, sannan a tambayi masu shirye-shiryen sirri ko nasu ne. Taurarin ɗan adam na Starlink, masu ba da intanet, su kaɗai sun zama babbar hanyar ruɗa matuƙa, domin idan rana ta doke su daga wata kusurwa sukan yi walƙiya su dushe ɗaya bayan ɗaya, kamar fitilun da ke zagaye a wuri guda. Rahoton ofishin na Nuwamban 2024 ya ƙunshi sabbin lamura 757. Kusan 300 an gano su: balan-balan, tsuntsaye, jirage marasa matuƙi, taurarin ɗan adam, jiragen sama. Guda 444 an ajiye su gefe don babu isassun bayanai. Guda 21 ne kaɗai aka ce sun cancanci a zurfafa nazari a kansu. Duk lokacin da aka ji an ce ɗaruruwan abubuwa sun gagari Pentagon, wannan rabon ya kamata a tuna: mafi yawansu ba gagara suka yi ba, hoton ne bai fita ba, ko ba a rubuta lokacin daidai ba, ko an goge faifan kafin a nema. Haka kuma yawan rahotanni a kusa da sansanonin soja ba lallai yana nufin abubuwan can suke so ba, can ne idanu da na'urori suka fi yawa.

Sirrin nan dai bai saki binciken ba. Sau da yawa akan hana fitar da hoto ba don abin da ke cikinsa ba, sai don kada abokan gaba su gane ƙarfin kyamarar da ta ɗauke shi. Dalili ne mai ma'ana, amma yana hana masanan waje dubawa, alhali lamarin Chile ya nuna amfanin idanu da yawa. Sannan ga tsohon tabo. A Yulin 2023 wani tsohon jami'in leƙen asirin sojin sama, David Grusch, ya rantse a gaban majalisa cewa gwamnati na ɓoye da tarkacen jiragen da ba ɗan adam ya ƙera ba, har da gawarwakin matuƙansu. Ya ce bai gani da idonsa ba, mutane sama da 40 ne suka faɗa masa. A Maris na 2024 AARO ta fitar da rahoton tarihi ta ce ta bi diddigin maganganun ba ta samu hujja ko ɗaya ba, ta ce labari ɗaya ne ke zagayawa a tsakanin 'yan mutane kaɗan da suka san juna, wasu kuma shirye-shiryen sirri na gaske suka hango suka yi musu wata fassara. A nawa hukuncin bayanin AARO ya fi nauyi, domin har yau babu ko ƙusa ɗaya da aka ajiye a kan tebur. Amma wanda ya ƙi yarda ma yana da abin kamawa. Rundunar da ta ce balan-balan ɗin auna yanayi ne ya faɗo a 1947 kusa da garin Roswell, inda aka fara cewa faranti mai tashi ne, ita ce ta dawo a 1994 ta ce na wani shirin sirri ne mai suna Mogul na sauraron gwajin nukiliyar Sobiyat. A Yunin 2025 kuma jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa binciken AARO ya gano wani kanar na sojin sama da ya kai hotunan bogi na faranti mai tashi wata mashaya kusa da sansanin sirri na Area 51 da ke jihar Nevada a shekarun 1980, don a kawar da hankalin jama'a daga gwajin jirgin F-117, kuma ba a sa wannan a rahoton 2024 ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma ofishin da ke ƙarƙashin Pentagon zai daɗe kafin a yarda cewa ya iya binciken Pentagon.

Yayin da ake wannan ja-in-ja, matsalar da ta fi damun kwamandoji ta canza kama. Wani bidiyo da aka ɗauka daga jirgin ruwan yaƙi a 2019, mai nuna abubuwa masu kusurwa uku suna walƙiya, jami'in leƙen asirin sojin ruwa Scott Bray ya shaida wa majalisa a Mayun 2022 cewa jirage marasa matuƙi ne, gilashin gani da dare ne ya ba su wannan siffar. An warware siffar, amma saura tambayar wa ya turo su saman jirgin yaƙi. A Disambar 2023 irin waɗannan jirage sun yi dare 17 suna shawagi a saman sansanin Langley da ke jihar Virginia, gidan jiragen F-22, ba a kama kowa ba, ga doka ta taƙaita wa soja harbi a cikin gari. Duk ƙasar da ke son leƙa atisayen Amurka da araha, babu abin da zai fi yi mata daɗi kamar matuƙan da ke jin kunyar faɗin abin da suka gani.

Jon Kosloski, wanda ya karɓi shugabancin AARO a Agustan 2024, ya shaida wa manema labarai cewa akwai 'yan lamuran da shi kansa, duk da iliminsa na kimiyya da injiniyanci da shekarunsa a aikin leƙen asiri, bai gane su ba, bai kuma san wanda ya gane su ba. Ya ƙara da cewa babu ko ɗaya da ke nuna baƙin wata duniya. Matakin da ofishin ya ɗauka shi ne ya daina dogara kacokan ga abin da kyamarar jirgin yaƙi ta kama bisa tsautsayi, tunda an ƙera ta ne don saita makami. Tare da cibiyar bincike ta Georgia Tech ya haɗa wani rukunin na'urori mai suna Gremlin, da rada da kyamarori iri-iri da na'urar sauraron sigina, aka girke shi a wani muhimmin wurin tsaro na kwana 90 don a fara sanin abin da ke wucewa a saman wurin a ranar da babu abin da ya faru.